Bazazzage, Ina Albashin Ya Shiga?

Malam, bawana na Zazzau mazaunin Kuje, ina gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ina fata uwargida da yara suna lafiya, kuma baiwar Allah tana nan tana haƙuri da kai kamar yadda ta saba. Allah ya ba ta lada.

An shiga Muharram, an ci cika-ciki, na tura yaro ya karɓo mini kuɗin shara kamar yadda kakanninka suka saba biyan kakannina. Yaro ya dawo hannu rabbana, wai ka ce a gaya mini wata ya yi nisa. Na ɗaga kai na dubi kalanda, na ga watan albashi ko goma bai yi ba. Shi ya sa na ce bari in aiko maka da takarda ta jarida, tunda ku mutanen birnin ilimi ba ku yarda da magana sai kun gan ta a rubuce.

Na san abin da za ka fara cewa, don haka bari in faɗa maka shi kafin ka gyara tabarau. Rayuwa ta yi tsada, kuma gaskiya ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, kuma zuwa Oktoban 2024 ta tsallake dubu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a Yulin 2024, amma kafin ya iso hannun ma'aikaci kasuwa ta riga ta cinye shi. Duk wannan na yarda. Sai dai fa maƙwabcinka da kuke aiki a ofis ɗaya, matakin albashinku ɗaya, 'ya'yansa ma sun fi naka yawa, shi yana kai ƙarshen wata da guntun canji a aljihu. Fetur ɗin da kake saye shi yake saye. To kai wace Najeriya kake zaune?

Kai da kake Kuje ba sai an tuna maka daren 5 ga Yulin 2022 ba, lokacin da aka fasa gidan gyaran halin garinku ɗaruruwan fursunoni suka fantsama cikin daji. Allah ya kiyaye na gaba. Haka albashinka yake yi duk wata, da zarar alat ya shigo. Bambancin kawai shi ne su an kamo wasu, wasu ma da ƙafarsu suka dawo. Naka kuwa ban taɓa jin an kamo ko naira ɗaya ba.

Mu fara da abinci, tunda nan ne abin ya fi ba ni dariya. Ka bar cikin birni ka koma Kuje ne don haya ta yi maka nauyi, kuma ka yi dabara, ita ce dabara ɗaya da na taɓa ganin ka yi. Allah ya ajiye ka a ƙaramar hukumar da ake yi wa kirari da rumbun abincin Abuja. Daga Gaube, Rubochi, Kwaku, Gwargwada da Gudun Karya, Gade da Gbagyi suna fito da doya, masara, dawa da rogo, matan ƙauye suna kasa tumatir da barkono a bakin hanya tun da sassafe. Mutanen Maitama da Asokoro suna ƙona mai su zo garinku sayayya. Kai kuma sai ka sa babbar riga, ka ƙona naka man, ka bi hanyar filin jirgi zuwa babban kanti mai sanyi, ka sayo doya guda biyu da aka wanke aka naɗe a leda aka manna mata farashi. Doyar nan, Malam, ta yiwu a gaban ƙofarka motar da ta ɗauko ta ta wuce. Ka biya kuɗin motarta zuwa birni, ka biya kuɗin wankanta, ka biya kuɗin sanyin da ta sha, sannan ka dawo da ita gida a kujerar baya.

Kuma da doyar kaɗai ka tsaya a kai da sauƙi. Ka shiga sayen abu biyu ka fito da kwando cike. Kana ganin tsautsayi ne? Bari in ba ka karatu, ko da yake ku ne da jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Keken nan da kake turawa a cikin kanti, wani ɗan kasuwa ne a Oklahoma ta Amurka, Sylvan Goldman, ya fito da shi a 1937, saboda ya lura mutane suna daina saye da zarar kwandon hannu ya yi musu nauyi. Da farko ma mutane ƙin taɓa keken suka yi, sai da ya ɗauki hayar maza da mata suna turawa suna zagaye kanti kamar masu sayayya, har sauran suka kwaikwaya. Wato tun asali an ƙera shi ne don kada hannunka ya gaya maka cewa ya isa. Alewa da cingam da aka jera a wurin biyan kuɗi, daidai tsayin idon yaro, da gangan ne. Farashin da ka ga an rubuta 9,999 dubu goma ne aka cire masa hula. Ni ɗan kasuwa ne jikan ɗan kasuwa, ba na zagin mai kanti, sana'arsa yake yi kuma ya iya. Kai nake tausaya wa.

Sai kuma cunkoson Lugbe da yamma. Wannan wuri ya ci kuɗinka fiye da makarantar yara. Yaran nan masu talla a tsakanin motoci sun haddace fuskarka, har sun san gilashinka ba ya rufuwa da wuri. Uwargida ta nuna mini ɗakin da kuke kira sito. Na ga abin kashe sauro mai kama da faranti har guda nawa, babu mai aiki. Na ga tocilan mai rediyo, rediyo mai tocilan, abin tausar ƙafa, na'urar yanka albasa da ba ta taɓa ganin albasa ba, da agogon bango mai kiran salla a lokacin wata ƙasa daban. Akwai ma igiyar tsalle ta rage tumbi, tana nan a naɗe cikin ledarta, shi kuma tumbin yana nan yana ƙara albarka. Kowanne idan aka tambaye ka sai ka ce ai da araha ka samu. Abin da ba ka bukata, ko naira biyar aka sayar maka, asarar naira biyar ka yi.

Amma babban ɓarawon yana cikin aljihun rigarka, kuma kai kake yi masa caji kullum dare. Ka tuna farkon 2023, bayan da babban banki ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, takardar kuɗi ta ɓace, mutane suna kwana a layin banki suna sayen naira da naira wurin masu POS? An sha wuya ƙwarai. Sai dai a tarihin aurenku, in ji uwargida, ba a taɓa yin watan da kuɗi ya yi muku auki kamar wannan ba, don ba ka da abin miƙawa. Matsalar ita ce a nan ne kowa ya koyi tiransifa. Mai tsire ya buɗe OPay, mai shayi ya manna lambar Moniepoint a jikin teburinsa, mai lemo yana da PalmPay. Da can, idan za ka rabu da dubu biyar sai ka zaro, ka ƙirga, ka ji aljihu ya yi sauƙi, zuciya ta ɗan sosu. Wannan sosuwar ita ce birki. Yanzu lamba huɗu kake dannawa, kuɗi ya fita ba sallama. Ga harajin naira 50 da ake cirewa a kan abin da ya kai dubu 10, ga ladan mai POS duk sanda ka cire, ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta yarda a ƙara da kusan rabi a Janairun 2025. Ba ka taɓa haɗa su ka ga nawa suke zama a wata ba, don kowanne shi kaɗai bai kai a yi masa magana ba.

Ita kuma datar, me kake yi da ita? Tun da Temu ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024 barcinka ya ragu. Ƙarfe ɗayan dare kana kwance kana latsa waya, agogo yana ƙirga maka cewa saura minti tara rangwame ya ƙare, saura guda uku kaya su ƙare. Gobe ka koma, za ka tarar da minti taran nan suna nan ba su ƙare ba. Mu a Kantin Kwari mun daɗe da sanin wannan. Idan mai shago ya ce maka “Alhaji, wannan ce ta ƙarshe, yanzu wani ya fita zai dawo ya ɗauka,” leƙa bayan kanta, dila guda ce. Abin da muke yi da baki shi suka mayar cikin manhaja, suka ƙara masa launi ja.

Na zauna na yi tunani a kan dalilin da ya sa ba ka iya ciniki ba, sai na gano abin gado ne. A farkon ƙarni na 19 masu jihadi suka fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yo kudu da jama'arsa. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi Abuja. Suna mai kyau, ya yi kusan shekara 150 a hannunku. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 wani Bakano, Janar Murtala Muhammad, ya kafa sabon babban birnin tarayya. Aka zo neman suna, kuka miƙa naku, kuka koma kuna amsa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yau sunan nan yana kan taswirar duniya, yana kan jiragen sama, fili ɗan mitsitsi a cikinsa sai mai miliyoyi. Da Kanawa ne, wallahi haya za mu bayar da shi, shekara-shekara, da sharaɗin ƙari. Ku ko albarka ba ku ce ba. Jikan waɗanda suka yi kyautar sunan gari guda, yaya za a yi ya tsaya taya kashin tumatir?

Shi ciniki ilimi ne, ba a koyar da shi a jami'arku ta Samaru. Mu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 muke da kasuwar Kurmi. Mai kaya ya sa suna, ka taya ƙasa, ya ce albarka, ka ƙara kaɗan, ya rantse bai sayo haka ba, ka juya kamar za ka tafi. A nan ne gaskiya take fitowa. In ya kira ka, akwai sauran rangwame. In bai kira ba, ka san ka taɓo uwar kuɗi, sai ka zagaya ka dawo ba kunya. Bayan an sallama ka nemi gyara. Amfanin duk wannan ja-in-ja ya wuce ragin da za a yi maka. Mintunan da ka ɗauka kana taya su ne suke ba zuciyarka damar tambayar kanta ko ma tana son abin. Sau da yawa kafin a sallama sha'awar ta tafi. Kai kuwa ana faɗar farashi sai ka ce “ba damuwa,” ka jawo waya. Akwai damuwa, Malam. Tana jiranka ranar ashirin ga wata.

Na san amsarka tana nan tafe, don na san bakin Zage-zagi. Za ka ce Kanawa marowata ne, muna cin garau-garau muna kwana a kan miliyan. Za ka ce mu ne masu lefen akwati goma sha biyu da ɗinkin shadda duk biki. Ta biyun ban musa ba, akwai masu yi, kuma su ma takardarsu tana nan zuwa. Ta farkon kuwa, ka je ka karanta tarihin Alhassan Dantata. Lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin aka ɗoro wa kuɗin azurfarsa zuwa ajiya, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Aliko Dangote ta wajen uwa daga wannan gida ya fito. Raƙumi ashirin ba ya cika a hannun mutumin da ke sayen duk abin da aka miƙo masa ta taga. Marowaci shi ne wanda iyalinsa suke bukata ya hana. Wanda ya hana kansa abin banza don iyali su samu, mai tattali ne. Kai fa kana kyauta a waje, a gida ana auna shinkafa da gwangwanin madara.

Nan ne ma na zo kan ainihin ciwon, kuma a nan zan ɗan rage wasa. Yawancin abin da kake saye ba don kana so ba ne. Kunya ce take saye da kuɗinka. A majalisar mai shayi, in an zo biya, kai ne mai cewa a haɗa duka. A wurin biki maroƙi ya ce “na Zazzau ikon Allah, malam ɗan malam,” sai hannunka ya shiga aljihu da kansa, har kana neman wanda zai ba ka sababbin kuɗi na liƙi. An fitar da anko a ofis, ba ka san amarya ba, ba ka san ango ba, amma kada a ce ba ka yi ba. Abokin aiki ya canja waya, taka lafiyarta lau, amma ta fara yi maka nauyi a hannu. Kana tsoron kalma huɗu ne kawai: ba ni da shi. Alhali duk wanda kake jin kunyarsa shi ma lissafin kuɗin makaranta yake yi a zuci, wataƙila ma jira yake wani ya fara faɗa ya samu sauƙi. Babu wanda ya taɓa tuna wa ya biya kuɗin shayin makon jiya, sai mai shayin.

Daga nan kuma sai bashi. An ce hanji ne yana cikin kowa, amma akwai wanda ake ci don magani ko jari, akwai wanda ake ci don hula. Manhajojin ba da rance na waya sun fi kowa sanin irinku. Minti biyar kuɗi ya shigo, ruwan da ke kai kuwa sai ka biya za ka gane. In ka makara, wasunsu saƙo suke aika wa duk lambar da ke wayarka, har surukai da limamin unguwa, abin da ya sa hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a 2022. Ka ga mutum ya ci bashi don gudun ƙaramar kunya, ya sayo babba da kuɗinsa. Daga bashin kuma ake zarcewa neman kuɗin da zai ninka kansa cikin wata guda. MMM ta tafi da na mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Ban ce kana ciki ba. Na dai lura a wancan watan ka yi shiru ƙwarai, har azumin nafila ka yawaita.

To tunda bawa ba ya rasa gata wurin ubangidansa, ga umarni. Duk abin da ranka ya biya maka wanda ba ci ba ne, ba magani ba ne, bar shi ya kwana. In gari ya waye har yanzu kana jin rayuwa ba za ta yiwu ba sai da na'urar yanka albasa, ka tambayi mai yanka albasar. Ranar da alat ya shigo, kafin ka sanar da kowa, fitar da zubin adashe da kuɗin makaranta da na haya, domin abin da ake cewa za a ajiye idan ya ragu ba ya raguwa. Ka nemi uwar adashe mai amana wadda ba ta jin “don Allah.” Kuɗin cefanen mako ka ciro shi takarda ka damƙa wa uwargida, ita ta rubuta abin da za a sayo, kuma kada ka shiga kasuwa da yunwa, don mai jin yunwa har tukunya yana tayawa. Manhajar sayayyar nan ka goge ta. Na san za ka sake sauke ta, amma kafin ka tuno lambar sirri barci ya ɗauke ka.

Kada ka ɗauka ajiya ta masu yawa ce. Malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Abuja, har da na Kuje, sun shafe daga Maris zuwa Yulin 2025 suna yajin aiki a kan a biya su sabon mafi ƙarancin albashi. Albashin gwamnati ma yana iya tsayawa a hanya, kuma ranar da ya tsaya buhun masarar da ke ɗaki ne zai yi magana, agogon bangon nan ba zai ce komai ba. Shi ya sa in kaka ta yi, lokacin da hatsi ya fi sauƙi, ya kamata ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi buhu ku raba, ku sayi doya ƙwarya maimakon guda-guda. Mudu-mudun da kake saye a tsakiyar damina, ribarsa a aljihun irina take ƙarewa, kuma ka ga duk da haka ina gaya maka. Wannan ita ce sadakata ta bana.

Ranar Asabar ina nan shigowa Kuje, mu shiga kasuwa tare. Ka bar babbar riga a gida, don da an gan ta farashi yake tashi. Ka bar tabarau, ka bar Turanci, wayar ma ka bar wa uwargida. Ni zan yi taya, kai kuma ka yi shiru ko an rantse maka da me. In na juya zan tafi ka biyo ni, kada ka tsaya ba mai kaya haƙuri. Kayan kuma kai za ka ɗauka har bakin titi, don ba zan biya ɗan dako ba ga bawana a tsaye.